Adar a Taswirar Baƙo: Tsokaci a Kan Yawon Buɗe Ido a Nijar

Duk wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin ƴan takardun nan masu launi da ake bugawa domin jawo baƙi zuwa Nijar, ya san abin da zai tarar a ciki tun kafin ya buɗe. Akwai tudun rairayi na Tenere da ayarin raƙuma a kansa, akwai hasumiyar masallacin Agadas, da raƙuman dawa na Kure, da samarin Bararo sun caɓa ado, sai kuma kwalekwale a kogin Kwara da faɗuwar rana. Hotunan suna da kyau, kuma babu ƙarya a cikinsu. Abin da wannan tsokaci yake son dubawa shi ne abin da aka bari a waje da dalilin barinsa, domin jerin wuraren da ƙasa take nuna wa baƙo, a hankali shi ne yake zama jerin abubuwan da ƴaƴanta suke gani da daraja.

A wannan taswira, jihar Tawa hanya ce kawai. Mota za ta taso daga Yamai, ta wuce Dogon Dutsi da Birnin Ƙwanni, a Tsarnawa ta karkata arewa ta bi hanyar da aka shimfiɗa saboda uraniyom, ta ratsa Badagishiri da Tawa da Abalak, hankalin kowa yana Agadas. Wanda ya nufi Damagaram kuwa, ya ratsa Galmi da Madawa, iyakarsa ya tsaya ya sayi albasa da tabarma. Buza da Keita suna tsakanin hanyoyin nan biyu, babu wadda ta taɓa su. Haka abin yake a babban kundin duniya ma. Wurare uku Nijar take da su a jerin kayan gado na UNESCO: Ayar da Tenere tun 1991, dajin W tun 1996, da tsohon birnin Agadas tun 2013. Dukkansu sun cancanta. Amma daga Dogon Dutsi har Damagaram, wato ɗamarar ƙasar da mafi yawan jama'a suke zaune suna noma, babu ko guda.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An tsara jerin ne da idon wanda ya sauko daga jirgi da na'urar ɗaukar hoto a wuya, shi kuwa abin da ya biya kuɗi ya gani shi ne abin da babu irinsa a ƙasarsu: hamada, da namun daji, da mutane masu baƙuwar shiga. Gona da rumbu da manomi ba su cikin abin da ya zo nema. To, wannan baƙon ya daina zuwa. Tawayen 2007 ya rufe arewa, satar ma'aikata a Arlit a 2010 ta ƙara tsoratar da mutane, sa'annan kisan da aka yi a Kure ranar 9 ga Agusta 2020, inda Faransawa shida da ƴan Nijar biyu suka rasa rayukansu, ya taɓa wurin da ake ganin ya fi ko'ina kwanciyar hankali. Da ruwa ya janye sai aka ga abin da ke ƙasa: shekara da shekaru ana gyaran ɗakin baƙo, ba a taɓa tunanin ɗan gida ma mai kallo ne ba.

A nan kalmar kanta tana da laifi. "Yawon buɗe ido" sabuwar magana ce, kuma a kunnen Bahaushe yawo aikin marar abin yi ne. Uba ba ya fitar da kuɗin mota don ɗansa ya tafi yawo. Alhali muna da tsohuwar kalma mai nauyi, wato ziyara. Mutanen Adar da Gobir sun daɗe suna zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato, ana zuwa kaburburan waliyyai na Madarunfa, kuma tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, jama'a suke cika motoci daga jiha zuwa jiha don su ga wanda zai ɗauki takobi. Saboda haka masu cewa mutanenmu ba su da al'adar tafiya kallo ba su lura ba ne. Ziyara tana da ladubbanta: a yi sallama, a gai da masu wuri, a zauna a saurari bayani, a koma gida da labari. Wannan tsari ya fi dacewa da aji da malaminsa bisa ga tsarin wanda zai sauko daga mota ya ɗauki hoto ya wuce.

Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, shi ne wurin da ya fi kusa da cika wannan buri, kuma adalci ne a yaba masa. Waɗanda suka kafa shi sun ƙi su yi shi ɗaki mai duhu da kayayyaki a bayan gilashi. Sun haɗa rumfunan nuni da gidan namun daji da runfunan maƙera da dukawa da masaƙa, sun gina samfurin gidajen ƙabilun ƙasar a fili, ta yadda talaka zai shiga ba tare da jin cewa wurin ya fi ƙarfinsa ba. Can ne aka kai gangar jikin itacen Tenere bayan mota ta kayar da shi a 1973, can kuma ƙasusuwan dinozor na Gadufawa suke tsaye. Sai dai gida ɗaya ne, a gari ɗaya, a can yammacin ƙasa. Yaron Karofan ko na Tamaske da ya yi sa'ar zuwa sau ɗaya a rayuwarsa, darasin da zai ɗauko a ɓoye shi ne cewa tarihi abu ne da ake kwashewa a kai babban birni, kuma bukkar da aka gina don nuni ta fi ta kakarsa daraja tun da ita an kewaye ta an sa mata allo.

To, mene ne abin gani a Adar? Mu fara da dutsen da ake takawa. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar da cewa kimanin shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku ya malale wannan yanki tun daga arewa har ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da ke fitowa a gefen tuddai, wanda masana'antar Malbaza take ƙonawa ta yi siminti, laka ce ta ƙarƙashin wancan ruwa. A cikinsa ake samun katantanwa da makankari da suka zama dutse, da wasu ƴan dunƙule-dunƙule kamar ƙosai masu zanen tauraro mai reshe biyar a bayansu, waɗanda halittun teku ne. A dutsen Igdaman da ke arewacin Tawa, da kuma Goronyo a ƙetaren iyaka, an tono ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa har aka raɗa musu sunayen wuraren. Ke nan yaron da ake ce wa sai ya je Yamai zai ga abin mamaki, shi ne yake kiwon awaki a kan gindin teku, yana jifar tsuntsu da abin da ɗalibin jami'a a wata ƙasa yake kallo a cikin akwatin gilashi. Malamin da ya fita da ajinsa zuwa gefen tudu da safe ya dawo da cikin ƙwarya na waɗannan duwatsu, ya kafa gidan tarihi ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Tarihin mutane ma haka yake, yana nan amma ya yi ƙaura. An san yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar a wajajen 1674, da yadda zuriyarsa ta riƙe sarautar da daga baya ta zauna Illela. An san zaman Kel Geres a wajen Galma da Arzarori, da tashin Muhammadu Jelani a farkon ƙarni na 19. Littattafai biyu da suka fi zurfi a kan wannan duk sun fito a 1975: na Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa, da na Nicole Echard a kan tarihin manoman Adar. Ita Echard har fim ta ɗauka a ƙarshen shekarun 1960 mai suna Noces de feu, inda maƙeran Adar suka narka tama suka fitar da ƙarfe kamar yadda kakanninsu suke yi. Aiki ne na ƙwarai, kuma ba don su ba da abubuwa da yawa sun bi tsofaffi kabari. Amma a lura da hanyar da ilimin ya bi: an ɗebe shi da Hausa daga bakin dattawa, an zuba shi a Faransanci, an ajiye shi a Yamai da Paris. Jikokin maƙeran nan nawa ne suka taɓa ganin fim ɗin da aka yi da kakanninsu? Ƙungiyar al'adu da ta nemo shi ta haska a ƙofar fada, ta bar tsofaffi su yi gardama a kan abin da suka gani, ta yi aikin da ya fi bukukuwa goma.

Sai dai abin da ya fi cancantar ziyara a wannan yanki ba tsoho ba ne, kuma a nan ne ma'aunin da muka gada ya fi cutar da mu. Wanda ya tsaya a bakin tudu ya dubi kwarin Majiya zai ga layukan bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, sun ratsa gonaki bi da bi kamar an ja su da igiya. Ba haka Allah ya halicci wurin ba. Bayan farin farkon shekarun 1970, iska tana kwashe ƙasar kwarin tana binne shuka. Wani ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, tare da wani ɗan sa kai Ba'amurke, suka nemi taimakon ƙungiyar CARE, aka fara dashe a 1975: layi biyu-biyu na itatuwa, da tazarar kimanin mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan, har aka yi ɗaruruwan kilomita. A Keita kuwa, babban aikin da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya, ya farfaɗo da fiye da hekta dubu 30 na fako, aka dasa itatuwa kusan miliyan 18, aka yi madatsun ruwa da shingayen dutse a kan tuddai da cikin ƙoramu. Mafi yawan hannuwan da suka ɗauki duwatsun nan na mata ne, domin maza sun tafi cin rani, kuma ladan aikin abinci ne. Uwayen waɗanda suke karanta wannan shafi suna cikinsu.

Ba ina cewa a mai da wuraren nan abin waƙar yabo ba. Mai ziyara da hankali zai ji ɗaya ɓangaren. A Majiya an yi ta muhawara a kan wanda ya mallaki itacen, mai gona ko gari ko hukuma, kuma makiyayi da aka hana shiga da dabbobinsa yana da nasa labarin, haka ma wanda inuwa ta cinye masa gefen gona. A Keita akwai shingayen da suka zube bayan masu kuɗi sun tafi, akwai tambayar wanda ya ci moriyar fakon da aka raya. Wannan gardama ita ce ma ta sa wurin ya zama makaranta. Tudun rairayi ba ya jayayya da kowa, shi ya sa ya dace da hoto. Kwarin da mutane suka gyara da hannunsu yana tilasta wa mai kallo ya yi tambaya, kuma masu amsar suna nan da ransu, a ƙarƙashin itacen da suka dasa.

Mai karatu zai iya cewa duniya ba ta lissafa irin wannan a cikin kayan gado. Tana lissafawa. Misali daga ƙasar Hangari, a tsakiyar Turai, ya isa. Masu zuwa can suna ganin manyan majami'u da gidajen tarihi na Budapest, amma cikin wuraren da ƙasar take alfahari da su akwai wani ƙauye mai suna Holoko, mai mutane ƴan ɗaruruwa, wanda ya shiga jerin UNESCO a 1987. Gidajensa na manoma ne, kuma yawancinsu an sake gina su ne bayan gobarar 1909, wato ba su kai wasu gidajen birnin Damagaram tsufa ba. Akwai kuma filin Hortobaj, shimfiɗaɗɗen makiyaya mai rijiyoyi da garkunan shanu, wanda aka karɓa a 1999 saboda zaman da makiyaya suka yi da ƙasar tsawon zamani. Abin da aka girmama a wuraren biyu shi ne yadda talakawa suka zauna da ƙasarsu. Idan da za a auna rumbunan laka na ƙauyukan Buza da wannan mudu, waɗanda suke tsaye kamar manyan tuluna sun fi ɗakunan kwana tsayi da kyau, da ba su koma baya ba. Bambancin shi ne can malaman makaranta da masana na gida suka fara ɗaukar abin da muhimmanci, suka auna, suka rubuta, suka kai ɗalibai, kafin baƙo ya ji labari.

Mu kuwa mun saba jiran baƙo ya fara yabawa. Masallacin Juma'a na Yama, a ƙasar Illela, shi ne shaida. Falke Barmu, magini kuma manomi, ya fara shi a 1962 da gayyar mutanen gari, wannan ya kawo tubali, wancan ruwa, wancan itace. Daga 1975 ya sake rufinsa da bakan gizo da ƙubba, ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta, aka gama a 1982. Sai da ya sami lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986 sa'annan sunansa ya shiga littattafai. A 2006 Nijar ta sa masallatan ƙasa na jihar Tawa cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa, tare da Lugu na Sarauniya da birnin Damagaram da tafkin Madarunfa, kuma har yanzu suna layin jira. Ginin laka kuwa ba ya jira. Yana son yaɓe bayan kowace damina, yana son magini da ya san hannunsa. A Agusta 2023 wani ɓangare na tsohon masallacin Zariya, aikin Babban Gwani, ya rufta a kan masallata. A Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Duk biyun sun fi na Yama suna da masu kula.

Akwai hanya ta uku tsakanin barin gini ya zube da rushe shi a zuba siminti, kuma an gwada ta a nan kusa. A Dandaji, da jama'a suka yi yawa aka so sabon masallaci, tsohon da yake shi ma daga hannun Falke Barmu ya fito bai sha gatari ba. Masu zanen gini biyu, Mariam Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallacin a gefensa da tubalin ƙasa, aka gama a 2018, kuma magina na gargajiya suna cikin masu aikin. A garin Pec na Hangari ma akwai masallacin da Turkawa suka gina a ƙarni na 16, wanda yau majami'a ce, amma an bar alƙiblarsa a inda take, ana nuna wa mai ziyara. A Wusasa ta Zariya kuwa, majami'ar da aka gina da laka a wajajen 1929 tana da baka irin na soron Hausa, domin hannun maginan gari ne. Malamin da yake son ya koya wa yara cewa fasahar gini gadon kowa ce, ba ya rasa abin nunawa.

Wani zai ce ana fama da abin da za a ci da rashin tsaro a hanya, wa yake ta ziyara? Tambayar tana da ƙarfi, kuma babu malamin kirki da zai ɗebi yaran mutane ya bi hanyar da ba a amince da ita ba. Amma ziyarar da ake magana a kanta ta tafiyar ƙafa ce ko ta amalanke, daga makaranta zuwa tudun bayan gari. Game da abinci kuwa, a tuna cewa ramukan tassa da suka raya fako a ƙasar Illela da Badagishiri sun bazu ne bayan wasu manoma sun je Yatenga a Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suka ga yadda ake faɗaɗa ramin ana zuba taki, suka dawo suka gwada, maƙwabta suka leƙo suka kwaikwaya. Tafiyar kallo ce ta ƴan kwanaki, ga shi ana cin hatsinta har yau.

Gidajen matasa da al'adu da aka gina a manyan garuruwa suna da ɗakunan da ba a buɗewa sai ranar biki. Ɗaya daga ciki ya isa a jera duwatsun teku da sunan tudun da aka tsinto kowane, da guntun tama da kashin maƙera daga tsofaffin wuraren narka ƙarfe, da tabarmar Madawa tare da sunan saƙarta, da muryoyin matan da suka yi aikin Keita an ɗauka a waya kafin su ƙare. Bayanin a rubuta shi da Hausa da Tamajak tukuna, da boko da ajami, Faransanci ya biyo baya. Wanda zai yi wa ɗalibai jagora a Majiya kada ya zama jami'in da aka turo daga Tawa. A nemi tsohon da ya yi gadin dashen yana saurayi, a biya shi ladan yininsa, a bar yara su tambaye shi awaki nawa ya kama, da abin da masu awakin suka ce masa.